Tarihin Makitsa da Dokar Lasin a Ƙasar Amurka

Kitso tsohuwar sana'a ce a ƙasashen Baƙar Fata, ba wanda ya san ranar farinta. Tun daga shekarar 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, cikin ƙasar da a ke kira Jihar Kaduna yanzu, suka fara tono gumakan yumɓu na mutanen zamanin da. Masana sun auna su, sun ce da yawa daga cikinsu sun wuce shekara 2,000 a binne. Wanda ya dubi kawunan gumakan nan zai ga tsaga a miƙe, da tukkwaye, da gashi a naɗe tsaf. Alama ke nan tun a wancan zamani akwai gwanayen gyaran kai.

A ƙasar Hausa yarinya ta kan koyi kitso wajen uwarta, ko kakarta, ko wata makitsiya ta unguwa. Da fari aikinta tsefe kai da miƙo tsinke da man shanu. Sa'an nan ta soma gwadawa a kan ƙannenta da ƙawayenta, ta yi zane, ya karkace, a tsefe, ta sake. A kwana a tashi har hannunta ya faɗa, ta iya shuku da kalaba, in ta sami mai nuna mata ma har doka irin ta tsofaffi. Ba ta zama jarrabawa, ba kuwa wanda ke ba ta takarda. Shaidarta ita ce kawunan da ta kitsa, gama mace in ta shiga gidan biki da kitso mai kyau, sai an tambaye ta wadda ta yi mata. Amma wanzamai su da shugabansu, watau Sarkin Aska, wanda ke sa ido bisa aikinsu, domin su aska su ke riƙewa. Su ke yin ƙaho, da shayi, da cire beli, ayyukan da in aka kuskure a kan yi hasarar jini, wani lokaci har da rai. Ashe tun da can an san bambancin sana'ar da ke taɓa jini da wadda ba ta taɓawa.

A ƙasar Amurka an manta da wannan bambanci, har makitsa suka yi shekara fiye da talatin suna kai da kawowa tsakanin kotuna da majalisu kafin a gane shi. Ga yadda abin ya faru.

Yadda kitso ya ƙetare teku

Cikin shekarar 1619 aka fara sauke bayi 'yan Afirka a Bajiniya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu daga baya suka zama Amurka. Fataken bayi sun saba aske kan wanda suka kama kafin su sa shi cikin jirgi. Suna cewa don tsabta ne, amma aski ya kan tafi da alamar kabilar mutum da ta matsayinsa, gama a yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma da kitso a ke gane budurwa da matar aure da mai takaba. Duk da haka matan ba su yar da sana'ar ba. A gonakin auduga da na rake su kan kitse wa juna kai ran Lahadi, ranar da a ke ba su hutu, don ya kai su mako. A birnin New Orleans, sa'ad da ya ke hannun Sifaniyawa, gwamna ya yi doka cikin 1786 cewa mata Baƙar Fata su riƙa rufe kansu da ɗankwali in za su fita.

An hana bauta a Amurka cikin 1865. Bayan wannan sai zamani ya juya. Mace Baƙar Fata mai neman aiki a birni ta ga ba a karɓarta sai gashinta ya kwanta kamar na Turawa, saboda haka aka koma miƙar da gashi da matajin ƙarfe mai zafi, daga baya kuma da magunguna masu ƙarfi. Wata mata da a ke kira Madam C. J. Walker, wadda iyayenta bayi ne da aka 'yanta, ta yi arziki ƙwarai da sayar da man gashi, ta koya wa dubban mata wannan aiki kafin rasuwarta cikin 1919. Wata kuma, Annie Malone, ta gina babbar makarantar gyaran gashi a birnin St. Louis cikin 1918. Kitso kuwa ya koma cikin gida, ya zama abin da uwa ke yi wa 'yarta ƙarama kafin ta tafi makaranta. Ba a ɗauke shi sana'ar kanti ba.

Asalin dokar lasin

Amurka jihohi 50 ce, kowace da majalisarta da gwamnanta, kowace kuma ita ke tsara dokokin sana'o'in cikinta. Lasin takardar izini ce wadda hukuma ke ba mutum bayan ya yi karatu na ƙayyadadden lokaci, ya ci jarrabawa, ya biya kuɗi. Wanda ya yi sana'ar ya karɓi lada ba shi da takardar nan ya karya doka.

Jihar Minnesota ita ce ta fara sa wa masu aski lasin, cikin 1897. Dalilin da aka bayar shi ne cututtukan fata da a ke ɗauka ta aska da tawul marasa tsabta. Tsakanin 1920 da 1940 jihohi suka bi da masu gyaran gashin mata da kwalliya. Aka kafa hukumomi masu ba da lasin, aka cika su da masu kantunan kwalliya da masu makarantun koyar da ita. Karatun da aka tsara ya shafi yanka gashi da almakashi, da rina shi, da murɗe shi ko miƙar da shi da magani, da gyaran farce, da gyaran fuska. Waɗannan ayyuka akwai haɗari cikinsu, gama maganin miƙar da gashi in ya daɗe a kai ya kan ƙona fata.

Sai dai masu rubuta dokokin sun faɗaɗa su ƙwarai. Suka ce duk wanda ya taɓa gashin wani don ya gyara shi, aka biya shi, to, mai kwalliya ne, sai ya yi lasin. Ba su da kitso a zuciya sa'ad da su ke rubutawa, makarantun kuma ba su koyar da shi. A da yawan karatun ya bambanta daga jiha zuwa jiha: a birnin Washinton awa 1,500, a Kalifoniya awa 1,600, a Yuta awa 2,000, a Ayowa awa 2,100. Mai karatu ya lissafta. In mutum yana zuwa makaranta awa takwas kullum, kwana biyar cikin mako, awa 1,500 za ta ci masa wajen wata tara, awa 2,100 kuwa shekara guda cur, ba ya samun ko anini cikinta. Ga kuma kuɗin makaranta. Wani bincike da aka buga cikin 2021 ya nuna matsakaicin abin da ɗalibi ke biya ya haura dala 16,000.

Dawowar kitso

Daga 1960 zuwa gaba Baƙaƙen Fatar Amurka suka tashi neman haƙƙinsu, suka kuma fara alfahari da kamanninsu da asalinsu na Afirka. Mata da yawa suka bar miƙar da gashi. Wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo, Cicely Tyson, ta riƙa fitowa gaban jama'a da zane a kanta, 'yan mata suka yi ta kwaikwayonta. Kitso ya fita daga cikin gida, aka fara buɗe masa kantuna.

Bayan haka sai ga baƙi daga Afirka ta Yamma. Cikin watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, zama ya yi tsanani a ƙasashen da ke amfani da shi, mutane suka ƙara fita neman abinci. Mata daga Sanigal, da Mali, da Kwaddibuwa, da maƙwabtansu irin su Gini, suka sauka a Niyok da sauran manyan birane. Da yawansu ba su jin Ingilishi, ba su da jari, amma suna da abin da suka koya tun suna yara. A unguwar Harlem, a titi na 125, kantunan kitso suka yi yawa. Da kuɗin kitso su ke biyan haya, su sa yara makaranta, su aika wa iyaye a gida. Amma a lokacin, bisa dokar yawancin jihohi, duk mai wannan aiki ba lasin mai laifi ce.

Shari'ar Washinton

Cikin 1980 wani mutum mai suna Taalib-Din Uqdah da matarsa Pamela Ferrell suka buɗe kantin kitso a birnin Washinton. Kantin ya karɓu, suka ɗauki mata marasa aiki suna koya musu, suna biyansu. Hukumar masu kwalliya ta taso musu da wata doka ta 1938, ta ci su tara, ta ce ko dai kowace makitsiya ta yi awa 1,500 a makaranta, ko a rufe kantin. Uqdah ya ƙi. Ya ce ba su yanka gashi, ba su rini, ba su sa magani, makarantun da a ke tura su kuwa ba su san kitso ba balle su koyar.

Cikin 1991 aka kafa wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Institute for Justice, watau Cibiyar Adalci, wadda ke tsaya wa masu ƙananan sana'o'i kyauta. Maganar Uqdah ita ce ƙara ta farko da suka shigar. Alƙali bai ba su gaskiya ba, don ya ga gyaran doka aikin majalisa ne. Amma labarin ya bazu cikin jaridu, har a ƙarshen 1992 majalisar birnin ta ware wa makitsa lasin nasu dabam, na awa 100. Jihar Niyok ita ma ta ware irin wannan lasin, wanda aka tsayar a kan awa 300.

Kalifoniya da Misisifi

A birnin San Diego na Kalifoniya akwai wata malamar jami'a, JoAnne Cornwell, wadda ta ƙago wata hanyar murɗa gashi siri-siri ba da magani ba. Ita ma aka ce sai ta yi awa 1,600. Ta kai ƙara kotun tarayya. Alƙali Rudi Brewster ya sa aka kawo tsarin karatun makarantun, aka bi shi darasi darasi, aka tarar abin da ya shafi aikinta bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Cikin 1999 ya yanke hukunci cewa tilasta mata wannan karatu ba shi da ma'ana, ya kuma saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Shekara ta gaba majalisar jihar ta fid da kitso daga cikin dokar.

A garin Tupelo na Misisifi, wata makitsiya mai suna Melony Armstrong ta yi awa 300 tana koyon gyaran hular gashi, don ta haka kaɗai doka ta yarda ta buɗe kanti. Da ta so ta koya wa waɗansu mata kitso, sai aka ce mata sai ta ƙara awa 3,200, watau kamar shekara ɗaya da rabi. Ta shigar da ƙara cikin 2004, ta kuma yi ta zirga-zirga zuwa majalisar jiha tana yi wa wakilai bayani. Cikin 2005 gwamna ya sa hannu a sabuwar doka. Abin da a ke bukata ga makitsiya ya zama uku: ta rubuta sunanta wurin hukuma da dala 25, ta amsa 'yan tambayoyi a kan tsabta, ta manna ƙa'idodin tsabta a bangon kantinta.

Abin da ya biyo baya ya isa a lura da shi. Cikin 2012 makitsa 1,245 ke da rajista a Misisifi. A maƙwabciyarta Luwiziyana, inda a ke neman awa 500 a lokacin, masu lasin 32 ne kacal, alhali Baƙaƙen Fatar Luwiziyana sun fi na Misisifi yawa. Ba wai matan Luwiziyana sun bar kitso ba ne. Makitsan sun koma yi a ɓoye cikin ɗakunansu, inda ma'aikacin tsabta ba ya zuwa, haraji kuma ba ya fita.

Tekzas, da Yuta, da Mizuri

Cikin 1997 'yan sanda suka shiga kantin wata makitsiya mai suna Isis Brantley a birnin Dallas na Tekzas, suka sa mata ankwa a gaban masu jiran kitso, suka tafi da ita, laifinta kitso ba lasin. Ba ta bar maganar ba. Cikin 2007 jihar ta rage karatun makitsa zuwa awa 35. Amma da ta nemi a amince da makarantarta, sai aka ce ta mai da ita makarantar aski: babban ɗaki mai faɗin murabba'in ƙafa 2,000, da kujerun aski goma, da wuraren wanke kai biyar. Cikin Janairu na 2015 alƙali Sam Sparks ya soke waɗannan sharuɗɗa, a watan Yuni kuma gwamna ya sa hannu aka cire lasin ɗin kitso gaba ɗaya. Daga kamun zuwa ranan nan shekara 18 ke nan.

Jestina Clayton 'yar Saliyo ce, ta koyi kitso tun tana 'yar shekara biyar, yaƙin basasar ƙasarsu ya kai ta jihar Yuta. Tana kitso a gida tana taimakon iyalinta, sai aka yi mata kashedi cewa sai ta yi awa 2,000. Ta dakatar da aiki, ta kai ƙara. A gaban kotu aka buɗe littattafan da makarantun ke koyarwa da su, masu shafi wajen 1,700, aka tarar shafi 38 kaɗai suka ambaci kitso ko wane iri ne. Cikin 2012 alƙali David Sam ya ba ta gaskiya, ya kuma tunasar da hukuma cewa neman abinci da sana'ar hannu yana cikin tushen 'yancin da tsarin mulki ya ba kowa.

Amma ba kullum makitsa ke yin nasara a kotu ba. A jihar Mizuri waɗansu mata biyu, Ndioba Niang da Tameka Stigers, sun sha kaye a kotun farko, suka ɗaukaka ƙara, cikin Janairu na 2018 suka sake shan kaye. Alƙalan suka ce majalisa tana da ikon neman karatun da ya fi bukata, muddin akwai ɗan dalili na kare lafiya. Sai majalisar jihar ce da kanta ta gyara dokar cikin shekaran nan, ta ce ya isa makitsiya ta kalli darasin tsabta na awa huɗu zuwa shida a majigi, ta biya dala 20.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan lasin suna da tasu magana, ba kuwa ta banza ba ce duka. Suka ce mataji ɗaya in ya bi kawuna da yawa ba a wanke shi ba, ya kan ɗauki ƙwarƙwata da makero daga wannan zuwa wancan. Kitso in ya cika tsauri, aka daɗe ana yinsa, ya kan cinye gashin goshi, wani lokaci ba ya sake tsirowa. Masu ƙara gashin kanti kuma su kan tsoma bakinsa cikin tafasasshen ruwa, in hannu ya kuskure sai ƙuna. Saboda haka, in ji su, rigakafi ya fi magani.

Makitsa suka amsa cewa sun yarda da koyon tsabta, amma wannan darasi ne na 'yan kwanaki, ba na shekara ba. Suka kawo misalin ma'aikacin motar ɗaukar majiyyata, wanda ran mutum ke hannunsa, karatunsa na farko a yawancin jihohi bai kai awa 200 ba. Wani bincike na 2016 ya duba takardun hukumomin jihohi tara da birnin Washinton na shekara bakwai, ya tarar koke 130 kaɗai aka kai a kan makitsa, mafi yawansu kuma a kan rashin lasin ne, ba a kan an cuci wani ba. Suka ƙara da cewa masu zama cikin hukumomin su ne abokan gasarsu, makarantun kuwa kowace awa da aka ƙara kuɗi ne a aljihunsu. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Wanda ya kashe dukiyarsa ya sami lasin ba zai so ya ga wata ta buɗe kanti kusa da shi ba tare da ta biya irin abin da ya biya ba.

Maganar ta wuce kitso kaɗai. Wani rahoto da fadar shugaban Amurka ta fitar cikin 2015 ya ce a wajen 1950 ma'aikaci ɗaya cikin ashirin ke bukatar lasin na jiha, amma a lokacin rahoton abin ya kai kusan ɗaya cikin huɗu. Rahoton ya shawarci jihohi su sake duba dokokinsu. Wannan ya sa 'yan manyan jam'iyyun ƙasar biyu, waɗanda ba safai su ke haɗuwa a kan abu ba, suka haɗu a kan maganar makitsa.

Inda magana ta kai

Daga nan jihohi suka yi ta sakin hannu ɗaya bayan ɗaya. Ayowa da Nebraska sun fid da kitso daga dokar kwalliya cikin 2016, Dakota ta Kudu cikin 2017, Idaho cikin 2022, Montana cikin 2023, Pennsylvania cikin 2024. Ya zuwa ƙarshen 2024 jihohi fiye da 30 ba su neman lasin ga makitsa. Waɗansu sun tsaya a kan rajista da ɗan gajeren darasin tsabta, waɗansu kuma sun riƙe lasin na musamman.

Abin lura cikin tarihin nan shi ne, hukuma tana da haƙƙin kare lafiyar talakawanta, kuma takardar izini hanya ce mai kyau ta yin haka a inda sana'a ke da haɗari, kamar ta likita, da ungozoma, da direba, da mai sayar da magani. Amma kafin a sa wa sana'a lasin, ya kamata masu doka su tambayi abu uku: wace cuta ce sana'an nan ke iya jawowa, wane ilmi ne zai hana cutar, kwana nawa kuma ilmin nan zai ci. In karatun da aka ɗora ya zarce amsar tambayoyin nan, wahalarsa a kan talaka ta ke faɗawa, musamman mace mai 'ya'ya wadda ba ta da halin barin aiki wata tara. Makitsan Amurka sun samu aka gyara musu ne domin waɗansu daga cikinsu sun san haƙƙinsu, sun karanta dokar da a ke kama su da ita, sun kai kukansu inda ya kamata, sun kuma yi haƙuri shekara da shekaru har aka saurare su.